Firjin Baba Na'ibi

Asabar, 4 ga Rajab, bayan La'asar

Yau sun iso layinmu. Mutum biyu ne, ɗaya da gwangwanin jan fenti, ɗaya yana ɗaukar hoto da waya. Kalma ɗaya suka rubuta a bangonmu: ikhla. Wato a fita. Kowa ya san unguwarmu Nuzla, a nan Jidda, duka za a rushe, amma sani daban, ganin rubutun a naka bango daban. Mai fentin ma bai iya aikinsa ba, ya bar shi yana tsiyaya har kan mitar wuta.

Nana Aisha ta leƙo ta tagarta ta ce, "Kai jikan Na'ibi, mu dai tabarma ce da tukunya. Ku ina za ku kai firjin kakanka?"

Firji suke ce masa, unguwa duka. Kwamfuta ce irin ta farko, ta fi ni tsawo, ga akwatin faifai a gefe kamar injin wanki, ga na buga takarda. Mu a gida inji muke cewa. Tun kafin a haife ni yake kunne a ɗakin baya yana kukansa.

Na shiga na gaya wa Baba. Yana tsaye ba takalmi, yana goge allo da tsumma. Bai juyo ba. Ya ce, "Rufe ƙofa, Saif, ƙura na shigowa."

Da Hausa nake rubuta wannan, da baƙaƙen da ya koya min a kan maɓallan injin. 'Ya'yan Khali, kawuna, ko sun tsinta, sai dai su naɗe burodin tamis da shi.

Lahadi, 5 ga Rajab, bayan Magariba

Khali Othman ya zo. Ya bar motarsa a bakin titi ya tako da ƙafa, yana ɗage tob ɗinsa, doguwar rigarsa, kamar ba a wannan kwatar ya koyi tafiya ba. Shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa Baba tun rasuwar Ummi, amma rabonsa da gidan nan tun ƙaramar salla.

Da Larabci yake magana, Baba na amsa masa da Hausa. Haka suke yi kullum, kamar rediyo biyu a ɗaki ɗaya.

Ya ce ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa na unguwar Obhur, can sama, taga na kallon teku, kuma za a kawo mai jinya. Baba ya ce ciwon me yake yi. Ya ce, "Shekaru, Abuya." Sai ya nuna ɗakin baya da mukullin mota ya ce wannan ƙarfen kuma a kira masu gwangwan su auna.

Baba ya ce, "Inda injin ya je, nan zan je."

"Abuya, lif ɗinmu ba zai ɗauke shi ba. Ko ya ɗauka, matata Ummu Jawahir ba za ta yarda ba."

"To halas."

Na ce zan nemi gidan ƙasa a unguwar Mahjar, kusa da aikina, mai babbar ƙofa, in ɗauke su su biyun. Khali ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Kai? Mai zaman iƙama, takardar baƙi, mai tuƙa foklif na ɗaga kaya? Gobe kafilinka, mai riƙe da takardunka, ya yi atishawa, ina za ka sa min uba?"

Tun yaushe nake yanke wa ubansa farce.

Baba ya ce in na samu wurin da injin zai zauna ya yi aiki, da ni zai tafi. A gaban Khali ya faɗa. Na rubuta a nan don kada wani ya zo ya ce ba a yi ba.

Talata, 7 ga Rajab, hutun rana

Na duba gidaje. Wasu ƙofarsu ko katifa sai an lanƙwasa. Wani mai gida da ya ji daga Nuzla nake sai fuskarsa ta yi haske, kamar kyanwa ta ga kifi ya faɗi.

Laraba, 8 ga Rajab, bayan Asuba

Baba ya tashi da labari. In hankalinsa ya tashi, labari yake yi. Na ji shi ba adadi, amma zan rubuta, don na lura ya fara zubar da wasu wuraren a hanya.

Mahaifinsa da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya yi hajji bai koma ba. Shi a nan aka haife shi, ya tashi yana gyaran rediyo a kasuwar Bab Sharif. Wani kamfanin jiragen ruwa ya kawo kwamfuta, lokacin da a Jidda duka da yatsu ake ƙirga su. Aka ɗauke shi ya riƙa ɗaukar akwatunan kati, irin wanda ake huda wa ramuka injin ya karanta. Ɗan dako ke nan, sai dai a ɗaki mai sanyi. Mutane suna so a ce rana ɗaya injin ya lalace, ya gyara, Turawa suka riƙe baki. Ba haka aka yi ba. Allon lantarki na farko da ya taɓa ma ƙona shi ya yi, aka kusa korarsa. Shekaru ya yi da ƙamus a aljihu kafin su tura shi kwas.

A lokacin injin bai iya Larabci ba. Takardun kaya da Turanci suke fita, a zaunar da magatakarda su sake rubutawa da hannu. An kawo wata na'ura mai buga baƙaƙen Larabci, amma a warwatse, kowane harafi zaune shi kaɗai kamar masu gaba. Baba ne ya haɗa wani allo da dalma da hannunsa, ya rubuta tsarin da ke sa injin ya dubi harafi ya dubi maƙwabcinsa, ya gane na farko ne ko na tsakiya ko na ƙarshe, ya haɗa su yadda mutum ke rubutawa. Da aka gama, sunan manaja ne ya fito a takarda. Baba agogo aka ba shi. Agogon bai kai azumi ba.

Da kamfanin ya sayi sababbi suka ce a zubar da wannan. Ya kawo shi gida, ya ajiye a tsakar gida, ya gina ɗaki ya zagaye shi. Tsarin nan nasa yana cikin faifan, ba shi a wani wuri.

Na ce, "Baba, to ta ina zai fita? Ƙofar ba ta kai ba."

Ya ce, "Da na gina ɗakin ban yi shirin fita ba."

Alhamis, 9 ga Rajab, bayan La'asar

Akwai wani Injiniya Usama, ɗan Kaduna, kamfaninsu ke sa mana na'urorin ƙirgar kaya a sito. Na tambaye shi yadda ake ɗaukar tsohuwar kwamfuta ba ta lalace ba. Ya yi dariya ya ce in sa ta a jaka. Na nuna masa hoto. Ya daina dariya.

Yau ya biyo ni gida. Baba ya nuna masa ƙafa, ya cire takalmi. Ya dinga zagaya injin yana "ikon Allah, ikon Allah," yana haɗawa da Turanci. Ya ce, "Baba, kun san ku tarihi ne kuwa?"

Baba ya ce, "Tarihi ba ya shan maganin hawan jini."

Amma ya ji daɗi, na ga kunnensa. Ya zauna ya buga masa sunansa, takarda ta fito da Larabci a haɗe, Usama ya ɗauki bidiyo tun daga farko. Ya ce ya kamata a kwashe abin da ke cikin faifan kafin a motsa shi, sai dai abin da zai haɗa wannan da na zamani sai an nemo daga waje, zai ɗauki watanni. Na ce ya je ya gaya wa masu jan fenti.

Mutumin kirki ne, ina ji. Amma irin mutanen nan ne da ba sa ganin abu sai ta cikin waya.

Asabar, 11 ga Rajab, da safe

Bidiyon ya zagaya gari. Mai sayar da waken ful ɗin da bai taɓa amsa gaisuwar Baba ba ya ce in gaishe da muhandis, wato injiniya.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan Magariba

Khali ya sake zuwa. Zuwa biyu a cikin wata ɗaya. Wannan karon har cikin lungu ya shigo da motar, ya goge ta a bangon Nana Aisha, bai ko duba ba. Ya sumbaci kan Baba.

Ban sha wahalar gano dalili ba, da kansa ya zubo. Akwai wani Raed da ke neman 'yarsa Jawahir. Da can Khali ya gaya wa dangin yaron cewa mahaifinsa tsoho ne mai ritaya, ba ya son mutane. Sai ga uban Raed ya ga bidiyo, ya kira ya ce wannan Hawsawin, Bahaushen nan, danginku ne? Khali ya ce ai Abuya ne.

Yanzu shi da Usama da ƙungiyar 'yan Najeriya ma'aikata za su yi wa Baba takrim, walimar girmamawa, a wata istiraha, gidan biki na haya, ranar Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci. Za a kai injin can, a kunna a gaban baƙi, sannan a wuce da shi duk inda zai je. Ƙarfen makon jiya, yau Khali gadon iyali yake ce masa.

Na ce ɗauka biyu ke nan maimakon ɗaya. Usama ma a waya ya ce akwai haɗari, hoto ya isa. Khali ya ce, "Abuya ne zai yanke."

Baba ya kalli hannuwansa ya daɗe. Na zaci zai kore shi. Sai ya ce, "Mutum nawa za su zo?"

Talata, 14 ga Rajab, bayan La'asar

Na samu. Tsohon shago ne a Mahjar, ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama, ko foklif zai shiga. Ɗaki biyu a baya. Masallaci yana dab, ba hawa ba sauka. Na tsaya a tsakiyar shagon na miƙa hannuwa biyu, ban taɓa bango ba.

Na gaya wa Baba. Ya ce ma sha Allah. Ya ce Othman ya kira?

Alhamis, 16 ga Rajab, da hantsi

Na taya Nana Aisha ɗaure kaya, za ta koma wurin 'yarta. A ƙarƙashin gadonta muka ciro wani kasko na turaren wuta, baƙi ƙirin. Ta ce ba nata ba ne, na kakata ne, Hajiya Turai.

Na san dokar, a cikinta na tashi. Ba taba, ba turaren wuta, ba suya mai hayaƙi a gidanmu. Baba ya ce allurar da ke karanta faifai tana shawagi ne a kansa, tsakaninsu bai kai kaurin hayaƙi ba, ƙwaya ɗaya ta shiga shi ke nan. Abin da ban sani ba shi ne yadda Hajiya ta yi da dokar.

Nana Aisha ta ce, "A nan take zuwa ta turara kayanta, kamar mai sata. Ta zauna a bakin ƙofata sai ƙamshin ya lafa sannan ta shiga gida. Mace Bahaushiya, gidanta na warin asibiti. Ranar sunan uwarka ma a ɗakina aka kunna. Ranar da Hajiya ta rasu, mu muka so mu turara likkafani, kakanka ya ce a fita da shi waje."

Na ce ai dole ce.

Ta ce, "Dolen uban wa? Kai ma irinta ne. Kuna zaune ana taka ku kuna cewa dole."

Ta ba ni kaskon. Na sa a kayana, ban kai gida ba.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan Azahar

Masu rusau sun fara daga bakin titi. Ba na son rubuta yadda ƙarar take. Na jiƙa tsummoki na toshe ƙasan ƙofa da tagogi, ina sakewa duk sanda suka bushe. Da yamma in tafi Mahjar in toshe na can, in sa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, in wanke ƙasa. Gida biyu nake kare wa ƙura.

Lahadi, 19 ga Rajab, da safe

"Othman ya kira?"

Talata, 21 ga Rajab, bayan La'asar

Khali ya aiko direba da bisht, irin alkyabba, mai bakin zinare. Baba ya sa a kan singileti ya tsaya gaban madubi. Ya sa na gyara masa gemu, ya ce in rage farin da ke gefe, kamar akwai baƙi a wani wurin.

Yana koyon jawabi da Larabci, ni ne masu sauraro. Allon da ya ƙona ya ɓace daga labarin. Akwatunan kati ma sun ɓace. Yanzu rana ɗaya injin ya lalace, mai gyara yana Landan, ya buɗe ya gyara, Turawa suka riƙe baki.

Na ce, "Baba, ba haka aka yi ba."

Ya ce, "Haka Othman ya ce ya fi daɗin ji."

A ƙarshen jawabin akwai godiya. Ga Allah, ga ƙasar nan, ga Injiniya Usama, ga ɗansa Othman wanda ya tsaya masa. Na jira ko akwai saura. Ya ninke takardar ya ce in kawo shayi.

Alhamis, 23 ga Rajab, bayan La'asar

Mun fasa bango. Ni da abokan aikina biyu da guduma. Mun lulluɓe injin da leda da barguna tukuna. Kafin nan Baba ya kashe shi da kansa, maɓalli bayan maɓalli, ya saurari faifan har ya tsaya, ya ɗaure allurar da wani ɗan ƙarfe da ya ajiye tun zamanin kamfani. Ban taɓa jin gidanmu shiru ba. Ashe famfon banɗaki yana ɗiga.

Muka turo shi a kan katako muka ɗora a dabbab, 'yar ƙaramar motar kaya. 'Yan layin da suka rage sun fito kallo. Wani ya ce, "Yau dai firji ya ga rana." Na zauna a baya na rungume akwatin faifan, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙorina. Khali yana gaba da motarsa yana mana hon mu yi sauri.

Juma'a, 24 ga Rajab, bayan Magariba

Rubutu ba yau ba.

Asabar, 25 ga Rajab, bayan Asuba

To.

Tanti ne babba da jan kafet. An sa injin a tsakiya an zagaye shi da igiyar zinare kamar ragon layya. Tun safe Baba yake kansa. Ya kunna, faifan ya yi tari, ya juya, ya kama. Ya tashi. Na fita bayan tanti na yi sujada, ba wanda ya gani.

Bayan Juma'a mutane suka cika. 'Yan Najeriya da manyan riguna a gefe ɗaya, dangin Raed da shimag a ka a ɗaya gefen, kowa da waya a sama. Khali ya ce baƙi suna so su ga abin da ke juyawa, ba akwati kawai ba. Baba ya cire murfin akwatin faifan da hannunsa, har da rariyar da ke tace iska. A gida ko da ƙofa a toshe ban taɓa ganin ya yi haka ba. Usama ya raɗa masa wani abu, ya ce, "Ɗan lokaci ne."

Usama ya yi magana, gaskiya ya faɗa, sai dai ta yi tsawo. Khali ya yi magana. Ya ce da kukan injin nan aka rene shi, shi ne waƙar barcinsa. Mutumin da Ummi ta ce yana gaya wa 'yan ajinsu ubansa a tashar jirgi yake aiki, don kada su zo gida. Baba ya yi nasa, Turawa suka riƙe baki, aka tafa.

Aka kira uban Raed ya danna sunansa da yatsa ɗaya. Takarda ta fito, baƙaƙe a haɗe tsaf. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa jama'a, ya ninke ya sa a aljihu. Khali kamar ya yi fiffike.

Aka ci shinkafa da rago. Aka sha gahawa. Sai turare, yadda ake yi, a zagaya da shi a sallami baƙi, kuma da wanda ake girmamawa ake farawa. Ni na manta da wannan. Na yi tunanin rami, na yi tunanin ƙura, na yi tunanin wutar lantarki. Ban yi tunanin abin da ake yi a ƙarshen kowace walima a garin nan ba.

Khali ya karɓe mabkhara, kaskon turaren, daga hannun mai hidima, ya ƙara oud mai tsada a kan garwashin, ya taho da kansa. Ya durƙusa a gaban Baba. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba in ba salla ba. Baba yana zaune dab da akwatin faifan, murfi a buɗe, fanka na jan iska.

Na miƙe. Usama ma ya gani, yana can ƙarshen tanti, ya fara ture mutane.

Baba ya dube ni. Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan gwiwarsa, wanda yake min in yana nufin zauna.

Na zauna.

Ya buɗe bisht ɗin ya ja hayaƙin ciki. Ya rufe ido. Ya kama gemunsa ya turara. Khali zai tashi, Baba ya riƙe masa hannu ya ƙara. Sauran hayaƙin na ga inda ya bi.

Ƙarar kamar an ja wuƙa a gindin tukunya. Jar fitila ta kama. Uban Raed ya ce, "Ma sha Allah, har sauti yake yi?" Baba ya miƙa hannu ya kashe, ya ce da Larabci, "Tsoho ne, ya gaji." Aka yi dariya. Aka tafa.

Ko hayaƙin ne, ko ramukan hanya, ko murfin, Baba ne kaɗai ya sani. Ni dai yatsan na gani.

Da aka watse Khali ya ce Abuya ya gaji, ya kwana biyu a Obhur ya huta. Ya buɗe masa ƙofar gaba ta mota. Ni aka bar ni da masu naɗe kafet.

Lahadi, 26 ga Rajab, bayan Azahar

Usama ya zo istiraha ya haska faifan da tocila. Akwai zobe a kansa, an ƙwarzane, da gari ja-ja kamar na bulo. Ya ce wannan garin shi ne rubutun. Ya zauna a ƙasa da rigarsa mai tsada. Ya ce, "Saif, da ban sa bidiyon nan ba."

Na ce ya tashi, mai istiraha yana son wurinsa.

Litinin, 27 ga Rajab, bayan La'asar

Na kai injin Mahjar. Ya shiga ƙofar ba ko gogawa. Na kunna masa mukayyif, ban san don me ba. Na shimfiɗa gadon Baba a ɗakin da ya fi nisa da titi.

Na kira. Jawahir ce ta ɗauka, ta ce jiddo, wato kakanmu, yana barci. Ba ta san sunana ba sai da na maimaita.

Laraba, 29 ga Rajab, bayan La'asar

Baba ya zo. Khali ya kawo shi, ya zauna a mota bai kashe ta ba.

Baba ya shigo da takalminsa. Ya zagaya, ya taɓa inda na toshe tagogi, ya sa hannu a gaban mukayyif, ya leƙa ɗakin ya ga gadon. Ya ce, "Ka yi aiki."

Na ce, "Ga injin ya zo, Baba. Ka ce inda ya je."

"Na ce in zai yi aiki."

"Ka ga hayaƙin."

"Na gani."

"Hajiya Turai a ɗakin maƙwabta take..."

Ya ce, "Kada ka sa ta a ciki."

Muka tsaya. Har yanzu rigarsa tana ƙamshi. Ya dafa akwatin faifan kamar yadda ake dafa kan yaro, sai ya janye hannun ya goge a tob.

Ya ce, "Saif, kai kana da haƙuri. Othman ba shi da shi. In na ture hannunsa ranar nan a gaban surukansa, ba zai sake miƙowa ba har in mutu. Kai kuwa, ko na tafi kana nan."

Khali ya yi hon.

Ya ce, "Ka gane ko?"

Ya ɗauka na gane. Ya ce in haɗa masa magungunansa da ƙamus ɗinsa in kai mota. Na haɗa. Na kai.

Juma'a, 1 ga Sha'aban, da safe

An ce jiya masu rusau suka kai ga gidanmu. Ban je na gani ba.

Asabar, 2 ga Sha'aban, hutun rana

Masu gwangwan na bayan sitonmu sun ce za su zo su duba. Na ce su zo. Da suka kira suna bakin ƙofa na ce ba na nan.

Lahadi, 3 ga Sha'aban, bayan Azahar

Baba ya kira da kansa. Ya ce teku yana nan dai, ba ya komai. Ya ce mai jinyar ba ta jin Hausa, Larabcinta ma sai a hankali. Ya ce da yamma za su je gidan su Raed, gemunsa ya tofo, ba wanda ya iya hannuna, in hau mota in zo yanzu.

Na ce gobe.

Ya ce, "Yau ne za mu je."

Na ce na ji.

Ya yi shiru, yana jira in gyara maganar. Ina jin numfashinsa, ina jin talabijin ɗinsu a baya. Ni ma na jira.

Na fi shi iya jira.